Tambayoyi da Amsoshi Kan Sabon Binciken Sararin Samaniya da Dokokinsa

Daga 2015 zuwa yanzu, na'urorin nazarin sararin samaniya sun ƙara kaifi ƙwarai, kuma da awo ya ƙara daidaito sai wasu saɓani suka fara bayyana a bayanin da aka daɗe ana dogaro da shi. Kafafen labarai kan ɗauki kowane saɓani su ce komai ya rushe. Ba haka ba ne, amma kuma kuskure ne a ce babu abin da ke faruwa. A amsoshin da ke ƙasa an yi ƙoƙarin raba abin da ya tabbata da abin da har yanzu alama ce kawai.

Kafin a je ga sabon bincike, me aka riga aka tabbatar?

Abubuwa uku ne ginshiƙai. Na farko, sararin samaniya yana faɗaɗa. Georges Lemaître ya fitar da haka a lissafi a 1927, Edwin Hubble kuma ya nuna a 1929 cewa galaksoshi, wato manyan dandazon taurari biliyoyi, suna nisantar mu, kuma wadda ta fi nisa ta fi saurin gudu.

Na biyu shi ne tsohon haske. A 1964, Arno Penzias da Robert Wilson suna aiki da wata katuwar eriya mai siffar ƙaho a Holmdel da ke jihar New Jersey ta Amurka, sai wata 'yar ƙara ta ƙi barin na'urarsu. Duk inda suka juya eriyar, dare ko rana, ƙarar tana nan. Har tattabarun da suka yi sheƙa a ciki suka kora, suka goge kashinsu tas, ƙarar ba ta gusa ba. Ashe abin da ke shigo musu shi ne hasken da ya kuɓuce lokacin da sararin samaniya ke da shekara kusan 380,000, sa'ad da ya huce har haske ya samu hanyar wucewa. Yau ɗuminsa digiri 2.7 ne kacal sama da matakin ƙarshe na sanyi, kuma daga kowace kusurwa yake zuwa.

Na uku, yawan haidirojin da hiliyam da ake gani, kusan kashi 75 da kashi 25 cikin 100 a nauyi, ya yi daidai da abin da lissafi ya ce za a samu a 'yan mintocin farko bayan Babbar Fashewa, wato zazzafan yanayin da sararin samaniya ya fara faɗaɗa daga gare shi.

Tauraron ɗan'adam na Planck, wanda hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba a 2009, ya zana taswirar tsohon hasken dalla-dalla. Daga nan aka samu shekara biliyan 13.8 a matsayin shekarun sararin samaniya. Daga nan ne kuma aka samu wani rabo mai tayar da hankali: duk abin da muka sani, taurari da duniyoyi da iska da jikinmu, kashi 5 ne kawai cikin 100. Kusan kashi 27 ɓoyayyen sinadari ne, wato abu mai nauyi da ba a gani, kusan kashi 68 kuma ɓoyayyen makamashi, wato abin da ke ƙara wa faɗaɗar sauri. Yawancin binciken yau a kan wannan kashi 95 yake.

Idan yana faɗaɗa, cikin me yake faɗaɗa? Ina kuma tsakiyarsa?

A ɗauki doguwar igiyar roba a yi mata ƙulli a kowane taku, sannan a ja ta. Ƙullin da ke kusa da naka zai matsa kaɗan, na goma zai matsa ninki goma a lokaci guda, kuma ko a kan wane ƙulli ka tsaya, za ka ga kamar sauran ne ke guje maka. Ƙullan ba tafiya suke yi a kan robar ba, robar ce ke miƙewa. Nazariyyar Albert Einstein ta 1915 ta ce haka tazarar da ke tsakanin galaksoshi take ƙaruwa, kuma lissafin bai buƙaci wani fili a waje da za a faɗaɗa cikinsa ba. Babbar Fashewa ba a wani wuri guda ta auku ba, ko'ina ta auku, don haka babu tsakiya. Saboda wannan miƙewa ne ɓangaren da muke iya gani ya kai faɗin shekarar haske kusan biliyan 93 (shekarar haske ita ce nisan da haske ke ci a shekara guda), ko da yake shekarunsa biliyan 13.8 ne.

Mene ne wannan saɓani kan saurin faɗaɗar da ake ta magana a kai?

A nan ne rikicin ya fi zafi, kuma ya cancanci a tsaya a kansa.

Ana auna saurin faɗaɗar da kilomita nawa a daƙiƙa galaksi ke nisantar mu a kowane megafasek na nisanta. Megafasek ɗaya shi ne nisan da haske ke ci a shekara miliyan 3.26. Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko ta fara daga tsohon haske: a auna yadda sararin samaniya yake yana jariri, a sa a lissafi, lissafin ya faɗi saurin da ya kamata a gani yau. Sakamakon Planck na 2018 ya ba da 67.4, da yiwuwar kuskure ta kusan 0.5.

Hanya ta biyu auna yau ɗin take yi kai tsaye, mataki bayan mataki. Akwai wasu taurari da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa a kan ƙa'ida, kuma Henrietta Leavitt ta nuna a 1912 cewa tsawon wannan bugawa yana faɗin ainihin ƙarfin hasken tauraron. Wanda ya san ainihin hasken abu, ya kuma ga yadda ya dushe kafin ya iso, ya san nisansa. Da waɗannan taurari ake daidaita wani nau'in fashewar tauraro mai kusan haske iri ɗaya a ko'ina, da ita kuma ake kaiwa nesa sosai. Tawagar Adam Riess ta bi wannan hanya ta samu kusan 73, da yiwuwar kuskure ta kusan 1.

Mai karatu zai iya cewa, mene ne tsakanin 67 da 73? A shekarun 1970 masana sun yi ta jayayya tsakanin 50 da 100, don haka an yi nisa. To amma a wancan lokaci kowa ya san awonsa na da rauni. Yanzu kowane ɓangare ya tace awonsa har kurakuran sun yi ƙanƙanta, kuma lambobin sun ƙi haɗuwa. An yi zargin cewa cunkoson taurari ne ke ruɗar madubin hangen nesa na Hubble, sai aka sake duban taurarin da madubin James Webb mai kaifin gani, ya gaskata awon Hubble. A gefe guda, Wendy Freedman ta Jami'ar Chicago da abokan aikinta sun yi amfani da wasu nau'in taurari daban, suka samu kusan 70, a tsakiya.

Ko dai akwai kuskuren awo da ya ɓuya wa kowa, ko kuma lissafin da ke haɗa jarirantaka da yau ya rasa wani abu, misali wani makamashi da ya yi aiki na ɗan lokaci a farkon zamani ya ɓace. An gabatar da shawarwari da yawa, amma kusan kowacce idan ta gyara nan sai ta ɓata can. A ganina wannan saɓani ya fi ƙarfin a yi watsi da shi, domin ya shekara fiye da goma ana dukansa ta kowace fuska bai faɗi ba.

Ina yawan ganin "sigma 3" da "sigma 5". Me suke nufi?

Ma'auni ne na yadda zai yi wuya sakamako ya zama dace kawai. Sigma 3 na nufin irin wannan dace kan faru kusan sau ɗaya cikin ɗaruruwan gwaji. Sigma 5 kuma kusan sau ɗaya cikin miliyan 3.5, kuma sai an kai nan masana fiziks ke cewa an gano abu. Sakamakon sigma 3 da dama sun ɓace da aka ƙara bayanai. Kuma ko sigma 5 ba ta kare mutum daga na'urar da ke da matsala.

Da gaske ne ɓoyayyen makamashi yana raguwa?

Akwai alama, ba a kai ga tabbaci ba.

A 1998 tawagogi biyu, ɗaya ta Saul Perlmutter, ɗaya ta Brian Schmidt da Adam Riess, suka gano cewa faɗaɗar ba raguwa take yi ba kamar yadda aka zata, ƙara sauri take. Sun samu kyautar Nobel a 2011. Abin da ke tura ta shi ake kira ɓoyayyen makamashi, kuma bayani mafi sauƙi shi ne makamashi ne na shi kansa sararin, wanda ƙarfinsa a kowane yanki ba ya canzawa har abada.

Na'urar DESI ce ta taɓa wannan zato. Tana kan wani madubi mai faɗin mita 4 a tsaunin Kitt Peak na jihar Arizona. A fuskarta an jera ƙananan mutum-mutumi 5,000, kowanne riƙe da siririn zaren gilashi. Kowanne zai juya ya saita zarensa a kan galaksi guda, a kwashi haskenta a tantance nisanta, bayan kamar minti 20 su sake juyawa gaba ɗaya zuwa wasu 5,000. Haka dare bayan dare, har aka haɗa taswira mai zurfi mafi girma da aka taɓa yi.

Abin da ake nema a taswirar wani sawu ne. Kafin tsohon haske ya kuɓuce, sararin samaniya cike yake da zazzafar iska da igiyoyin sauti ke ratsawa. Da ya huce sai igiyoyin suka tsaya cak inda suka kai, suka bar wata tazara da galaksoshi suka ɗan fi yawan kasancewa da juna, wadda a yau ta kai shekarar haske kusan miliyan 490. Tunda an san tsawonta, idan aka auna yadda take bayyana a zamani daban-daban, an samu tarihin faɗaɗar ke nan.

A Afrilun 2024 sakamakon farko ya nuna alamar cewa ɓoyayyen makamashin ya fi ƙarfi a da. A Maris na 2025, da bayanan shekara uku na galaksi da makamantansu kusan miliyan 15, alamar ta ƙara fitowa maimakon ta dushe: tsakanin sigma 2.8 da 4.2. Dalilin wannan tazara yana da muhimmanci. Bayanan DESI su kaɗai ba su saɓa wa tsohon bayani ba. Sai an haɗa su da na tsohon haske da na fashewar taurari saɓanin ke fitowa, kuma ƙarfinsa ya danganta da wane kundin fashewar taurari aka ɗauka.

Idan ta tabbata, babban al'amari ne. Makomar sararin samaniya, wadda aka ɗauka faɗaɗa ce mai ƙara sauri ba iyaka, za ta koma abin tambaya. Dama can masu nazariyya ba su taɓa jin daɗin tsohon bayanin ba, domin idan aka ƙiyasta makamashin sarari da dokokin kwantam masu mulkin ƙananan abubuwa, lambar da ke fitowa kan zarce abin da aka auna da ninkin da ya kai 1 mai sifili kusan 120 a bayansa.

An shekara da shekaru ana neman ɓoyayyen sinadari ba a same shi ba. Me ya sa ba za a haƙura ba?

Saboda shaidunsa ba daga kafa ɗaya suke ba. Fritz Zwicky ya lura a 1933 cewa galaksoshin da ke gungun Coma suna gudun da ya isa ya tarwatsa su, in da abin da ake gani ne kaɗai ke riƙe da su. A shekarun 1970 Vera Rubin da Kent Ford suka nuna cewa taurarin da ke gefen galaksi suna zagayawa da sauri kusan ɗaya da na ciki, abin da ba zai yiwu ba sai da ƙarin nauyi da ba a gani. A 2006 aka nazarci wasu gungu biyu da suka yi karo: iskarsu, wadda ita ce mafi yawan abin da ake gani, ta cije a tsakiya, amma lanƙwasar haske ta nuna cewa yawancin nauyin ya wuce gaba abinsa. Taswirar tsohon haske ita ma ta buƙaci adadin da ya yi daidai da waɗannan.

Abin da ba a samu ba shi ne ƙwayar zarrar da ta haɗa shi. A wata tsohuwar mahaƙar zinare a jihar South Dakota, kusan kilomita 1.5 ƙarƙashin ƙasa, gwajin LZ na ajiye da tan 10 na ruwan zinon mai tsananin sanyi, ana jiran ƙwaya guda ta bugi atam guda a ga ƙyallin haske. Sakamakon 2024 bai ga komai ba. Haka XENONnT a ƙarƙashin tsaunin Gran Sasso na Italiya da PandaX a Sin. Wannan rashin samu ba asara ba ce, don ya toshe wurare da yawa da ake zaton ƙwayar na ɓuya, ya kuma sa hankali ya ƙara karkata ga wata ƙwaya mara nauyi sosai da ake kira aksiyon.

Akwai masu cewa dokar janyowa, wato ƙarfin da abubuwa masu nauyi ke jan juna da shi, ita ce ke buƙatar gyara, ra'ayin da Mordehai Milgrom ya gabatar a 1983. Ra'ayin yana bayyana juyawar galaksoshi da kyau har abin ya ba da mamaki, kuma bai kamata a raina shi ba. Sai dai yana tuntuɓe a kan manyan gungu da tsohon haske.

Na karanta cewa madubin James Webb ya ƙaryata Babbar Fashewa. Haka ne?

A'a. An harba madubin ranar 25 ga Disamba, 2021, yana da faɗin mita 6.5, yana zaune kilomita miliyan 1.5 daga duniya, yana kallon hasken da ya miƙe har ya fita daga abin da ido ke gani. Abin da ya gano shi ne galaksoshin farko sun fi yawa kuma sun fi haske fiye da yadda aka yi hasashe. Wadda ake kira JADES-GS-z14-0, da aka sanar a 2024, muna ganinta ne yadda take shekara kusan miliyan 290 bayan Babbar Fashewa, kuma har iskar oksijin aka gano a cikinta, alamar cewa wasu taurari sun riga sun rayu sun mutu. A 2025 aka samu MoM-z14, wadda ta ɗan fi ta tsufa.

Wannan ƙalubale ne ga fahimtarmu ta yadda taurari da galaksoshi ke haɗuwa, ba ga faɗaɗar ko tsohon haske ba. Wasu da aka fara ɗauka sun yi nauyin da ba zai yiwu ba, daga baya an gane cewa wani ɓangare na haskensu daga baƙin rami mai haɗiyar iska yake fitowa, ba daga taurari ba (baƙin rami wuri ne da ƙarfin janyowarsa ya kai ko haske ba ya kuɓuta daga cikinsa). Akwai ma wasu jajayen ɗigo-ɗigo da madubin ya samu birjik a farkon zamani, waɗanda masana da yawa ke ganin baƙaƙen ramuka ne masu tasowa da iska mai kauri ta lulluɓe. Takardar da ta fito a 2023 tana cewa shekarun sararin samaniya biliyan 26.7 ne ta yi tashe a intanet, amma ba ta samu karɓuwa wajen masana ba.

Mene ne igiyoyin janyowa, kuma me suka koya mana?

Einstein ya yi hasashen a 1916 cewa idan abubuwa masu nauyi suka yi motsi mai ƙarfi, sararin da kansa zai girgiza, girgizar ta bazu da saurin haske. Sai ranar 14 ga Satumba, 2015, aka ji ta. Na'urar LIGO hannuwa biyu gare ta, kowane kilomita 4, hasken leza na kai da kawowa tsakanin madubai da ke rataye. Da igiyar ta wuce, tsawon hannun ya canza da abin da ya gaza faɗin furoton guda, wato ƙwayar da ke tsakiyar atam, sau ɗaruruwa. Tashar Livingston a Louisiana ta fara ji, bayan kashi 7 cikin 1,000 na daƙiƙa ta Hanford a jihar Washington ta ji. Baƙaƙen ramuka biyu ne, masu nauyin rana 36 da 29, suka haɗe a nisan shekarar haske biliyan 1.3, kuma nauyin rana uku ya koma girgiza cikin ƙiftawar ido.

Ranar 17 ga Agusta, 2017, aka kama karon taurarin niyutiron biyu, wato dunƙulallun ragowar manyan taurari da suka fashe, kuma hasken gama daga wurin ya iso daƙiƙa 1.7 bayan girgizar, bayan tafiyar shekara miliyan 130. Wannan ya nuna cewa janyowa da haske gudu ɗaya suke, ya kuma kawar da nazariyyoyi da dama da suka ce akwai bambanci. A wannan karo ne aka ga alamun yadda ake ƙera ƙarafa masu nauyi irin su zinare.

Zuwa 2025, LIGO tare da Virgo a Italiya da KAGRA a Japan sun tara karo kusan 300. Wanda aka kama ranar 14 ga Janairu, 2025, ya fito tsaf har aka gwada wata ƙa'ida da Stephen Hawking ya kafa a 1971, cewa jimillar faɗin fuskar baƙaƙen ramuka ba ta raguwa. Kafin haɗuwar, fuskokin biyu sun kai murabba'in kilomita kusan 240,000. Bayanta, kusan 400,000. A 2023 kuma tawagar NANOGrav da takwarorinta, ta hanyar sa ido shekara 15 a kan bugun wasu matattun taurari masu juyi, sun samu shaidar wata girgiza mai dogon zango da ta cika ko'ina, wadda aka fi zaton daga manya-manyan baƙaƙen ramuka masu zagaya juna take.

Hotunan baƙin rami na gaske ne?

Na gaske ne, amma ba irin na kyamara ba. An haɗa eriyoyin rediyo da ke nahiyoyi daban-daban suka yi aiki tamkar madubi guda, aka gina hoton daga bayanansu. Na 2019 na baƙin ramin da ke tsakiyar galaksin M87 ne, mai nauyin rana biliyan 6.5. Na 2022 kuma na wanda ke tsakiyar galaksinmu ne, mai nauyin rana miliyan 4. Abin da ake gani inuwar ramin ce da zoben zazzafar iska kewaye da ita, kuma launin da aka sa zaɓi ne na masu aikin.

Me masu nazariyya ke nufi da cewa baƙin rami na haɗiye bayani?

Ginshiƙan fiziks biyu ne, nazariyyar Einstein ta janyowa da dokokin kwantam masu mulkin ƙananan abubuwa, kuma har yau ba a haɗa su cikin nazariyya guda ba. Baƙin rami ne wurin da suke gwabzawa. Hawking ya nuna a 1974 cewa baƙin rami na fitar da ɗan ɗumi, yana ramewa a hankali har ya ƙare. A lissafinsa, ɗumin ba ya ɗauke da wani labari na abin da ya faɗa ciki. Dokokin kwantam kuwa sun ce bayani ba ya ɓacewa: ko an ƙona takarda, a ƙa'ida hayaƙi da toka da zafi na riƙe da duk abin da ya isa a san yadda take. Dole ɗaya ya sassauta.

Don Page ya nuna a 1993 irin sawun da za a gani idan bayanin na fitowa: rikicewar ɗumin za ta yi ta hawa har kusan rabin rayuwar ramin, sannan ta fara sauka. A 1997 Juan Maldacena ya gano cewa a wani nau'in sarari, nazariyyar janyowa daidai take da wata nazariyyar kwantam da ke zaune a kan iyakarsa, wadda a cikinta bayani ba ya ɓacewa. Sai a 2019 Geoff Penington, da kuma Ahmed Almheiri, Netta Engelhardt, Donald Marolf da Henry Maxfield, suka fitar da sawun Page daga lissafin janyowa kansa. Abin da lissafin ya nuna yana da ban al'ajabi: bayan rabin rayuwar, wani yanki na cikin ramin ana lissafa shi ne a matsayin ɓangaren ɗumin da ya riga ya fita.

Wannan ci gaba ne na gaske, kuma yana cikin mafi kyawun aikin nazariyya na wannan zamani. Amma a lura da iyakarsa. An yi shi ne a saukakan misalai na lissafi, bai faɗi ainihin hanyar da bayanin ke bi ya fito ba, kuma babu wanda ya taɓa auna ɗumin Hawking, domin na baƙin rami mai nauyin tauraro ya fi tsohon haske sanyi nesa ba kusa ba.

Ina aka kwana da nazariyyar tsirkiya da injin CERN?

Nazariyyar tsirkiya, mai cewa ƙwayoyin zarra 'yan mitsi-mitsin zare ne masu kaɗawa, ba ta da shaidar gwaji har yau, ko da yake ta haifar da kayan lissafi masu amfani, ciki har da aikin Maldacena. Injin LHC na cibiyar bincike ta CERN, mai karo da ƙwayoyin zarra, mai zagayen kilomita 27 a iyakar Faransa da Switzalan ya gano ƙwayar Higgs a 2012, amma sababbin ƙwayoyin da mutane da yawa suka sa rai bai nuna su ba.

Labarin miyuwon ya isa darasi. Ƙwaya ce kamar ilektiron mai ninkin nauyinsa 207, kuma an shekara kusan 20 ana ganin maganaɗisunta ya saɓa wa hasashe. A Yunin 2025 cibiyar Fermilab ta fitar da awonta na ƙarshe, wanda ya tabbatar da na baya. Sai dai kafin nan an sake yin lissafin hasashen da manyan kwamfutoci, kuma sabon hasashen ya matso ya haɗu da awon. Gwajin bai yi kuskure ba, hasashen ne ya motsa, kuma har yanzu ana binciken dalilin da ya sa tsohuwar hanyar lissafi da sabuwa suka bambanta. A ɓangaren niyutirino, wata ƙwaya mai tsananin rashin nauyi, gwajin KATRIN a Jamus ya nuna a 2025 cewa nauyinsa ya gaza kashi ɗaya cikin miliyan na nauyin ilektiron.

Me ya kasance kafin Babbar Fashewa?

Lissafin Einstein na daina aiki kafin a kai farkon farawa, don haka fiziks ba ta da amsar da aka gwada. Abin da ya fi karɓuwa game da ɗan lokacin farko shi ne kumburi, wanda Alan Guth ya gabatar a farkon shekarun 1980: faɗaɗa mai tsananin sauri cikin wani ɗan yanki na daƙiƙa. Ya bayyana dalilin da ya sa sararin ya yi kama da juna ta kowace fuska, kuma hasashensa kan ɗigo-ɗigon tsohon haske ya dace da awon Planck. Hujjar da ake jira ita ce wata murɗiya ta musamman a tsohon hasken. A Maris na 2014 tawagar BICEP2 da ke aiki a ƙuryar kudancin duniya ta sanar cewa ta gan ta, amma kafin shekara ta zagayo aka tabbatar cewa ƙurar galaksinmu ta isa ta bayyana abin da aka gani. Ana ci gaba da nema.

Daga ina ake sa ran amsoshi za su fito?

Madubin Euclid na Turai, da aka harba a Yulin 2023, yana zana taswirar kusan kashi ɗaya cikin uku na sama don auna yadda ɓoyayyen sinadari ke lanƙwasa haske. Cibiyar Vera Rubin da ke tsaunin Cerro Pachón a Chile ta fitar da hotunanta na farko a Yunin 2025. Da kyamararta mai megafiksel 3,200 za ta yi ta ɗaukar samaniyar kudu kowane 'yan kwanaki har shekara goma, kuma tarin fashewar taurarin da za ta kama shi ne ainihin abin da ake buƙata don gwada alamar DESI da bayanai masu zaman kansu. Cibiyar Simons a hamadar Atacama tana farautar murɗiyar kumburi. Ana gina babbar cibiyar rediyo ta SKA a Afirka ta Kudu da Ostireliya. Turai kuma ta amince da LISA, taurarin ɗan'adam uku da za su tsaya kilomita miliyan 2.5 tsakanin juna suna sauraron igiyoyin janyowa, ana sa ran harba su a tsakiyar shekarun 2030. Saɓanin saurin faɗaɗa ma igiyoyin janyowa na iya raba gardamarsa, domin kowane karon taurarin niyutiron da aka ji kuma aka gani yana ba da nisansa kai tsaye, ba tare da an bi ta kan tsohon haske ko taurari masu bugawa ba. Karon 2017 shi kaɗai ya ba da kusan 70 da kuskure mai faɗi, kuma sai an tara irinsa da dama kafin a san ɓangaren da awon zai karkata.